Za a Hau Sama

Kontagora,
9 ga Maris, 1998.

Zuwa ga 'yata Fadimatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan ga yadda muke. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ba ta son tashi daga tabarma. Gwaggonki ta Ibeto ta warke daga zazzaɓi, har ta aiko mana da gyaɗa. Jikan Agatha maƙwabciyarmu yana haƙori, ba ya barin kowa ya huta. Akuya ta haifi biyu, ɗaya bai tsaya ba. Hajja matar Malam Abdulsalami fuka ta taso mata, zafin nan ya sa ta gaba. Ƙaninki Muhyiddin jikinsa lafiya. Sauran nasa shi ne dalilin wannan takarda.

Da hannuna nake rubutawa, ban ba shi ya rubuta mini kamar da ba, don maganarsa ce. Ki yi haƙuri da layin da ya karkace.

Kin san bututun hangen nesan nan da wani Bature, malamin makarantarsu, ya bar masa lokacin da zai koma ƙasarsu. Da can leƙawa yake yi ya sauko. Tun bayan ƙaramar sallah kuwa ya samo wata 'yar kyamara mai ido ɗaya, girmanta bai wuce lemo ba. Ya ɗaure ta a wurin sa ido da robar tayar keke, wayarta kuma ya soka a bayan tsohuwar kwamfutar da yake buga wa mutane takardu. Duk abin da bututun ya hango sai ya fito a gilashin kwamfutar, shi kuma ya danna ya ajiye. Wata yake ɗauka. Ba tauraro ba, ba jirgi ba, wata. Ya nuna mini, na ga wani abu fari-fari duk ramuka, kamar ƙasan tafki in ya ƙafe shanu sun tattake shi. Na ce wannan ne watan? Ya ce, "Gefensa ne kawai, Inna, guntun gefensa."

A tsakar gida abin ba ya yiwuwa, mangwaro ya cinye sama. Sai kan zaure, inda mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya zuba siminti da niyyar ɗora bene bai samu yi ba. Can yake jidar kayan, kwamfuta a ka, yana hawa tsani da hannu ɗaya, ni ina ƙasa ina salati.

Ga inda matsalar take. Kin san yadda mahaifinku ya hore shi. Ba ya ɗora ƙafa kan tsani sai ya tsaya ya ɗaga murya: "Salamu alaikum maƙwabta, za a hau sama!" Ya jira, ya sake faɗa. Daga kan zauren nan ana ganin tsakar gidan Malam Abdulsalami har madafa, da na su Agatha, da na bayanmu. Da an ji muryarsa kowace mace sai ta ja mayafi ta shige ɗaki, kamar yadda aka saba. Amma wanda aka saba yi wa haka magini ne, ya hau da safe ya gyara rufi ya sauko, sai kuma baɗi. Shi kuwa ƙanin naki, daga wata ya yi 'yan kwanaki har ya kusa cika, kullum ne, kuma tsakanin magariba da lisha. Wai a lokacin ne ramukan suke fitowa, a bakin iyakar haske da duhu inuwa take nuna zurfinsu, in wata ya cika kuwa fari ne fat babu abin gani. Lokacin nan tuwo yana kan wuta, kowa ya fito shan iska, ga zafin bana ko ƙadangare ba ya zaman ɗaki.

Agatha ita ba ta shiga ko'ina. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa take ɗaga kai ta ce, "Malam Ticha, in ka ga kazata mai wake-wake a can sama ka koro mini ita." Amma Hajja ba ta da wannan damar. Shekaranjiya ta kira ni ta kan katanga, tana magana tana neman numfashi. Ta ce, "Hajjo, ɗan nan naki yaushe zai gama ginin?" Na ce ba gini yake yi ba. Ta ce, "To ni dai kullum ina jin za a hau sama, ban taɓa jin an sauko da komai ba. Tuwona ya ƙone har na daina lissafi." Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Malam Abdulsalami ya zo da kansa, ya zauna a zaure, bai ɗaga murya ba. Muhyiddin ya tashi zai kunna kwamfuta ya nuna masa cewa bututun sama yake kallo. Malam ya ce, "Zauna, ɗana. Ban ce kana leƙen kowa ba, na san wanda ya haife ka. Abin da ya dame ni, kana sanarwa, in ka sanar kuma dole a shiga ɗaki, ga Hajja numfashi yana gagararta." Muhyiddin ya ce, "To Baba, in daina sanarwar?" Malam ya dube shi ya ce, "Ka ji abin da ka faɗa kuwa?" Muhyiddin kansa kunya ta kama shi.

Magana ta kai gaban mai unguwa, ba da faɗa ba. Ya yanke cewa da la'asar ta yi, kada namiji ya ƙara hawa rufi a layinmu har sai ruwa ya sauka an samu sanyi. Muhyiddin ya ce mini in ruwa ya sauka gajimare ne zai rufe sama har kaka, baɗi kuma a sake wannan maganar.

Jiya muna cin abinci ya ce, yana kallon kwano, akwai makarantar da ke neman malamin kimiyya a Rijau. Gidan malamai yana bakin fili, babu katangar kowa, akwai injin wuta. An ba shi zuwa ranar komawa daga hutu, farkon Mayu, ya ce e ko a'a. Na ajiye lomar. Fadimatu, ku biyu Allah ya bar mini. Ke aure ya kai ki Kaduna, ban ce komai ba. In shi ma ya tafi, da wa zan yi magana in gari ya waye? Da akuya?

Ki rubuta masa, yana jin maganarki. Ki ba Sati direba amsar, yana dawowa nan duk Juma'a. Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Mahaifiyarki,
Hajjo.

* * *

Kaduna,
19 ga Maris, 1998.

Zuwa ga mahaifiyata Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Baban yara yana gaishe ki, yara kuma suna ta tambayar yaushe Kaka za ta zo. A gaishe da Hajja da jiki, a ce mata ta riƙa nisantar hayaƙin murhu.

Na karanta takardarki sau biyu. Na farko na yi dariya har abokiyar aikina a asibiti ta tambaye ni lafiya. Na biyu ban yi ba.

Inna, abin nan ai ba sai an kai shi gaban mai unguwa ba. Me ya hana shi kewaye kan zauren da zana? In zana ba ta yi ba, fili ya ƙare a Kontagora ne? Ya ɗauki bututunsa ya fita hanyar Nasko, ya kalli wata har ya ƙoshi, babu tuwon wanda zai ƙone.

Amma tunda kin tambaye ni, bari in faɗi abin da ke raina, ki gafarce ni in ya yi miki zafi. Muhyiddin ba yaro ba ne, ya haura talatin. Sa'o'insa suna kai 'ya'ya makaranta, shi yana ɗaure kyamara da robar keke. Wataƙila in ya je inda zai dafa wa kansa, ya wanke wa kansa, zai tuna cewa akwai abin nema a ƙasa ma. Rijau ba bayan duniya ba ce, mota tana zuwa kullum. Ba zan rubuta masa in ce ya zauna ba, don ban ga alherin zaman ba.

Ke kuma ki zo nan. Ɗakin baƙi yana nan babu kowa, asibiti yana kusa, ina ganin hawan jininki da idona maimakon in riƙa jin labarinsa a takarda. Gidan a ba wani amintacce ya riƙa dubawa. Akuyar a kai wa Gwaggo.

Na ba Sati man shafawa na gwiwa. Safe da yamma, kuma ki rage ɗaukar bokiti.

Rubutunki ya yi kyau ƙwarai, babu layin da ya karkace. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarki,
Fadimatu.

* * *

Kontagora,
3 ga Afrilu, 1998.

Zuwa ga 'yata Fadimatu,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, man ma ya iso, Allah ya yi miki albarka. Muna lafiya. Hajja da ɗan dama. Jikan Agatha haƙorin ya fito, unguwa ta samu sauƙi.

Maganar Kaduna ki ajiye ta. A gidan nan aka kawo ni, a nan na binne 'ya'ya uku, a nan mahaifinku ya cika. Ba zan je in zauna a ɗakin baƙi ina jiran ki taso daga aiki ba. Zana kuma an gwada tun kafin in rubuto miki. Iska ta kwashe ta ta jefa cikin gidan Malam, da ƙyar ba ta faɗa kan murhu ba. Fili kuwa, kwamfutar wuta take ci, a hanyar Nasko a jikin wace bishiya zai soka ta? Kin ɗauka ba mu yi tunani ba ne.

Yanzu ki saurara, akwai abin da ya faru.

Kwanakin da wata ya ɓace ban iya zama wuri ɗaya ba. In share tsakar gida, in sake sharewa. Rannan na tambaye shi, wai in ka hau can me kake yi ne takamaimai? Ya ce aiki biyu ne. Ido yana kan gilashin kwamfuta, hannu yana kan bututu. Wai wata ba ya tsayawa, kana saita shi zai fara zamewa, kafin ka gama karanta Fatiha ya fita daga gilashin, sai ka bi shi a hankali da wasu abin murɗawa guda biyu kamar na rediyo. Ashe gudu yake yi. Ni da nake ganinsa tsaye shekara da shekaru.

Na kwana da maganar. Mai unguwa cewa ya yi kada namiji ya hau. Ni kuwa tun ina da ƙarfina nake hawa zauren nan shanyar kuɓewa da barkono, ban taɓa yi wa kowa sanarwa ba, babu kuma wadda ta taɓa tashi daga tabarmarta don ni.

Ranar Talata da ya tafi sallar magariba na yi tawa da wuri, na ɗaure zanena da kyau, na hau. Ba zan ɓoye miki ba, gwiwar ta yi magana. Ya dawo bai gan ni ba, yana ta kiran Inna, Inna. Na ce ga ni nan. Ya ɗaga kai, ya saki baki. "Inna! Me kike yi a can? Don Allah ki sauko!" Na ce, "Ban sanar ba, kuma babu wadda ta shiga ɗaki. Miƙo bututun." Ya ce ba zai yiwu ba. Na ce to a nan zan kwana. Kin san ni, shi ma ya san ni.

Ya harhaɗa bututun da ƙafafunsa a ƙasa, ya ɗaura igiya, ya turo ni na jawo. Sai dai wayar kyamarar gajera ce, ba ta kai ƙasa. Ya jera durom biyu a jikin bangon zaure ta cikin gida, ya shimfiɗa katako, ya ɗora kwamfutar, shi ma ya hau ya tsuguna yana noƙe kai don kada ya wuce katanga. Da kin gan shi, malamin makaranta guda, kamar kaza a kan ƙwai.

Ni a sama ba na ganin komai, kyamarar ta toshe wurin sa ido. Muryarsa kawai nake bi. Ya ce dama, in murɗa dama, ya ce, "A'a Inna, kin kore shi!" Ashe bututun juya abu yake yi, in ya ce dama ni hagu zan yi. Muka yi ta fama har na ce masa ya daina ce mini dama da hagu, ya ce wajen gidan Hajja ko wajen gidan Agatha. Nan take abin ya daidaita.

Hajja tana kwance a tabarma a tsakar gidanta, ta hango ni. Ta ce, "Hajjo, ke ce a sama? Yau ke ce maginin?" Na ce ni ce, ki sha iskarki. Agatha ta ce, "Maman Ticha, ki riƙe shi da kyau, kada ki zubo mana da shi cikin miya." Ina murɗawa muna hira, har labarin tsadar manja muka yi. Shi kuma daga ƙasa, "Kaɗan wajen Hajja. Kaɗan. Tsaya. Haka." Fadimatu, rabon da in ji muryarsa haka tun kafin a kai magana gun mai unguwa.

Laraba ma mun yi. Jiya ne aka samu akasi. Hoton ya fito masa yadda yake so, ya manta inda yake, ya miƙe tsaye a kan durom yana cewa, "Inna kada ki motsa, kada ki yi numfashi!" Hularsa da goshinsa suka bayyana a kan katanga. Surukar Hajja tana wanke-wanke ba mayafi, ta yi ihu ta zubar da kwanuka. Da safe Malam ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Ɗana, mai unguwa bai ce a hau rabi ba." An sauke durom ɗin.

Saura abu ɗaya. In wayar ta yi tsawo, kwamfutar tana cikin zaure, shi yana zaune a kujera kamar mutum, ni ina sama. Ya gwada ƙara ta da wayar rediyo, hoton ya fito duk zane-zane. Ya ce ta gaskiyar sai a shagunan kwamfuta na Kaduna. Na sa shi ya zana mini bakinta a takarda da tsawon da ake so, ban gaya masa abin da zan yi da zanen ba, amma ba yaro ba ne. Ga shi nan na haɗa miki. Ki nemo, ki ba Sati. In wayar nan ta zo, maganar Rijau ta mutu.

Sallah ta matso, Allah ya kai mu. Ki gaishe da kowa.

Mahaifiyarki,
Hajjo.

* * *

Kaduna,
13 ga Afrilu, 1998.

Inna,

Barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Ina gaishe ki.

Ban san ta inda zan fara ba. Na aiko miki da man gwiwa, na ce ki rage ɗaukar bokiti, sai ki hau tsani? Tsanin nan na gora da aka ɗaure da tsumma tun ina gida? Da magariba, ido ba ya gani sosai, kuma ki jawo ƙarfe da igiya?

Inna, ni nake aiki a ɗakin masu karaya. Na san yadda ake kawo mata sa'o'inki. Ba daga bene suke faɗowa ba, daga bakin rijiya ne, daga dakalin ƙofa. Ƙashin ƙugu in ya karye a shekarunki ba ya komawa yadda yake. Wata ta shigo da ƙafarta biyu sai dai ɗingishi, yau wata na biyar tana kwance ana juya ta. In aka kawo mini ke haka, me zan ce? In ce uwata ta faɗo wajen bin wata?

Ba zan yi miki ƙarya ba. Zanen ya faɗo daga ambulan, Baban yara ya tsinta, ya ɗauka saƙon Muhyiddin ne, kafin in dawo daga aiki ya je ya samo wayar. Tana nan a naɗe cikin durowata. Ba zan aiko ba. Ki yi fushi da ni, na yarda. Gara ki yi fushi kina tafiya da ƙafarki.

Shi kuma na rubuta masa tasa daban, na gaya masa abin da ya kamata ya gaya wa kansa tun ranar da ya ɗaga kai ya gan ki a can.

Ki yafe mini kaushin harshe. Tsoro ne.

'Yarki,
Fadimatu.

* * *

Kontagora,
20 ga Afrilu, 1998.

Yaya Fadimatu,

Salam. Ina gaishe ki, da Yaya maigida, da yara. Takardarki ta same ni. Ta yi zafi, amma babu ƙarya a ciki.

Ba sai kin ƙara faɗa ba. Ranar ƙarshe da muka yi aikin, ni na riƙe tsanin tana saukowa. Ƙafar dama take saukewa, ta jira, sannan ta jawo ta hagun da hannu. Tana yi tana ba ni labarin abin da Agatha ta ce, don kada in lura. Na lura. Na sare ɗaurin tsanin, na jingine gorar a bayan ɗaki. Ba za ta ƙara hawa ba. Ki riƙe wayar, ko ki mayar.

Rijau ma ba zan je ba. Macen da za ta hau tsani da wannan gwiwar don kada in tafi, in na tafi ban san abin da za ta hau ba. Zan gaya musu ranar da aka koma. Bututun zan ba Shadrach, abokin aikina, garinsu babu katanga kusa, zai zo da babur ranar Asabar ta farkon Mayu ya ɗauka. In yana gidan nan zan riƙa kallonsa, gara ya tafi. Na gaya wa Inna duka. Ta ce alhamdu lillahi.

Ga hoto ɗaya na buga miki, takardar ba ta da kyau amma za ki gane. Ramuka uku ne a jere kamar an ɗora tukwane, na saman yana da ɗan tsauni a tsakiyarsa, ki duba inuwar tsaunin. Tun da na fara ban taɓa samun inuwar nan ba. In ni ke murɗawa, ina ganin abin ya yi kyau sai hannuna ya yi sauri, hoton ya girgiza. Ita ba ta ganin komai, ba ta ɗoki, hira ma take yi da maƙwabta. Hannunta ya fi nawa. Ba don in canza miki ra'ayi na faɗa ba, kawai ya kamata wani ya sani.

Maganar aure da kika sako a ƙarshe, na ji. Ki bar ni in fita daga wannan tukuna.

Ƙaninki,
Muhyiddin.

* * *

Kontagora,
29 ga Afrilu, 1998.

Fadimatu,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Ban yi fushi ba, na san tsoro ne.

Abin da na roƙa na samu. Zai zauna. Na ce alhamdu lillahi, na yi sadaka da ƙosai.

To amma ki ji. Yana fita, yana dawowa, yana cin abin da na ba shi, ya ce an gode. Ya naɗe bututun cikin tsohon bargo ya tura ƙarƙashin gado. Jiya sabon wata ya fito tas a kan katangar Malam, irin wanda da tuni Muhyiddin ya fara zagaye tsakar gida yana duba agogo. Ya dawo daga masallaci kansa a ƙasa, ya wuce ɗaki, ya kwanta cikin wannan zafin ya juya fuska bango. Agatha ta kira shi, "Malam Ticha, ga mutuminka ya fito!" Ya ce mata yana jin ciwon kai. Hajja da kanta ta tambaye ni ko lafiya, wai shirun ya yi yawa. Na zauna a tsakar gida ni kaɗai, ɗana yana cikin ɗaki, na rasa wanda zan yi wa magana. Ba wannan na roƙa ba.

Kin ce tsani. Na ji. Luka mijin Agatha magini ne, ya duba bangon zauren, ya ce zai yi mini matakala ta bulo mai faɗi da abin dafawa. Ya fara yau da safe bayan Muhyiddin ya fita, ya ce jibi an gama. Da ƙanin naki ya dawo ya gani, ya ce, "Inna, babu waya ai." Na ce wannan tsakanina da yayarka ne.

Hoton da ya aiko miki, ni ma ya nuna mini. Na daɗe ina kallon inuwar nan. Ni na riƙe ta.

Ga maganata, kuma na gama shawara. In Sati ya iso ranar Juma'a da wayar, Shadrach zai koma da baburinsa babu kaya. In ya iso babu ita, ranar Asabar da safe ni da bakina zan ce wa Muhyiddin ya zaro bututunsa ya tafi Rijau. Ba roƙonsa zan yi ba, umarni zan ba shi, kuma bai taɓa tsallake umarnina ba. Kaduna dai ba zan zo ba, kada ki gyara ɗaki.

Sati zai tashi da wannan gobe da sassafe. Ki ba ni amsa kafin Juma'ar nan ta wuce, ko wayar a naɗe, ko takarda.

Mahaifiyarki,
Hajjo.